Batun taron makarantarku da ka tambaye ni

Wa alaikumus salam ɗana, ya aiki, ya iyali, ya 'yan jikokina? Na ga saƙonka, na bari sai na natsu don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce iska ta yaye kwanon aji biyu a firamaren unguwarku, kwamitin iyaye da malamai sun ɗora maka shirya taron neman gudunmawa, kana tambaya ko abin kunya ne a ce kowane gida ya kawo abinci, ko gara ku buga tikiti ku sayar da abincin, sannan ko a kira manya a yi lancin a riƙa faɗin abin da kowa ya bayar a lasifika. To saurara.

Maganar kunya dai cire ta daga ranka. Abin da kake son yi sunansa gayya, kuma ba yau anka fara ba. Da gayya ake noman gonar tsoho, da ita ake yaɓen masallaci kafin damina, da ita ake yashe rijiya. Ko Nana Asma'u 'yar Shehu, matan ƙauye da jajinsu, wato shugabar ayarinsu, ke jagowa su zo ɗaukar karatu wajenta ba hannu biyu suke zuwa ba, da hatsi da zuma da man shanu suke tahowa, ita kuma ta raba ma mabuƙata. Haɗa karatu da kwanon abinci tsohon abu ne a garin nan. Abin kunyar shi ne ka aika ma mutane takarda ko ka tura a WhatsApp cewa kowa ya kawo kaza ranar kaza, awa wanda ke bin su bashi. A'a. Da ƙafa ake gayya. Ka fara da hedimasta don makarantar gwamnati ce, shi zai sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan ku ɗauki dattijo ɗaya cikin kwamiti ku je wajen mai unguwa, in shi ya ga ya kamata a kai ga uban ƙasa shi zai kai ku, kar ka tsallake shi. Sai liman, ya sanar bayan sallah. In waɗannan sun ce namu ne, rabin aiki ya ƙare.

Tikiti kam ban yarda ba sam. Wanda ya kira gayya shi ke ciyarwa, ba a taɓa ce ma wanda ya zo da fartanya tai ya biya kuɗin fura ba. Kuma ka tuna ɗiyan wa ke makarantar nan, ɗiyan 'yan ga-ruwa ne da masu kabu-kabu da zawarawa, in ka sa kuɗi a bakin tukunya to yaron da anka yi taron dominsa shi zai tsaya bayan taga yana haɗiyar miyau. Ga kuma doka, tun 2004 dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya, ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, don haka kar ku kuskura ku yanka ma kowane yaro wani kuɗi na dole balle a kore shi gida a kansa. Gudunmawa ce, wanda ya samu ya kawo. In 'yan mata na son su kafa tebur can gefe su sayar da zoɓo da kunun aya da alawar madara ribar ta shiga asusu, wannan ciniki ne, babu laifi, amma tuwo da shinkafa na kowa ne.

Yanzu abincin, nan ne ku maza kuke ɓata lissafi don ba ku san wuta ba. Kar ka ce kowane gida ya dafo, za ka ga kula ashirin duk taliya da manja, rabi ta huce rabi ta lalace, kuma matar da tata miyar ba nama za ta ji nauyin fitowa da ita. Ɗanye za a tara. Wagga ta kawo tiyar shinkafa, waccan mudun gero, wata albasa, wata daddawa da kuka, wadda ba ta da ko ɗaya ta kawo itace ko ta zo da hannunta ta yi surfe, in ya shiga tukunya ɗaya babu mai sanin na wane ne. Ka nemo uwar biki, kowace unguwa akwai ta, matar nan da in ana suna ko aure ita ke tsayawa kan murhu ta san tiya nawa ke cida mutum ɗari ba tare da ta riƙe biro ba. Ka miƙa mata komi ka ja baya, ita za ta raba masu gyaran shinkafa, masu tuƙi, masu kwasa da mara, masu zama gaban tanda in za a yi masa, wadda tun daren jiya ake jiƙa shinkafarta a kai niƙa ƙullun ya kwana ya tashi. Kayan miya Kasuwar Daji, da sassafe. In kun samu mai ba da kuɗin dabba, a tura wanda ya san ciniki kasuwar Achida ranar Laraba, kuma ku roƙi rundawan unguwa su yi fiɗa, su ma gudunmawarsu ke nan. Ruwa kar ka manta da ruwa, ka yi magana da 'yan ga-ruwa tun ana saura kwana biyu.

Wajen rabo yara za a fara ba, aji aji, a zaune kan tabarma, malamansu na tsaye. Na sha ganin taro inda anka jera ma manyan baƙi kaji su da sunka ci sunka ƙoshi a gida, yara na can rana na jiran ƙanzo. Sannan a fid da na almajirai tun daga tukunya ba sai an jira saura ba, a kuma zuba a kwanoni a aika ma tsofaffi da matan da ba su fita, musamman waɗanda sunka ba da hatsi.

Sai lancin ɗin naka. Ni dai ba na son shi, gaskiya. Alhaji ya miƙe ya ce ya ba da kaza a tafa, maroƙi ya wasa shi, ƙarshe ku yi wata shidda kuna sintiri ƙofar gidansa maigadi na ce maku ya yi tafiya. Alkawari kaya ne amma a gaban lasifika mutane mantawa suke. Ga shi kuma mai ɗari biyar da ya zo da zuciya ɗaya ya ji ana ambaton dubbai sai ya mai da tashi aljihu ya sulale. Masu hali a bi su gida kafin ranar, a ce masu ga abin da ake buƙata, bandir ɗin kwano kaza, katako kaza, ƙusa, buhun siminti, da yawa sun fi son su sayo kayan da kansu su ga an sauke, kuma hakan ya fi maku kwanciyar hankali. Ranar taro a aje akwati rufaffe ɓangaren maza, ƙwarya da faifai ɓangaren mata, kowa ya saka abin da Allah ya hore masa. In za a yi godiya a kira sunaye ba adadi, kafinta da ya ce zai buga kwano kyauta da samarin da za su ɗauki katako a kira su tare da alhazai. In ɗan siyasa ya kawo ku karɓa ku gode, amma kar a manna fosta jikin aji.

Abin da ake faɗa da ƙarfi shi ne jimla. Kafin a watse a buɗe akwati gaban liman da hedimasta da mace ɗaya daga cikin iyaye, a ƙirga, a faɗa kowa ya ji, a rubuta a allon makaranta. Kuɗin kar ya kwana gidanka, kuma kar ka ba da lambar akawun ɗinka a riƙa turowa, ko da kai waliyyi ne sai an yi da kai. Asusun kwamiti mai sa hannun mutum biyu, kowane saye da rasit. Bayan an gama aiki liman ya sake karanta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Rana kuma ku sa Asabar da hantsi a tashi kafin azahar, kar ku kai watan 4 da zafin nan namu, miya ba ta kai la'asar, ga shi ana son kwano ya hau kafin iskar farkon damina. Ka ce ma mata kowace ta sa alama da jan farce a gindin kwanonta da tirenta, a ba mutum biyu aikin wankewa da mayarwa a ranar, don faɗan murfin kula ɗaya sai ya hana mace fitowa gayya ta gaba. Tukunyata babba na nan da muciya biyu, ka turo yara da kura ran jajibiri, tiya biyar ta shinkafa na kaina. Ka gaida mai ɗakinka, Allah shi yi albarka.

Gwaggonka