Ba mu ba shi komai ba

Kai yaro, na ga saƙonka. Wai kana tambaya ta yaya na gane kyanwar Hajiyar nan ta shekaranjiya guba ce ta taɓa ta, alhali ina Jega ban ma ganta ba, kuma matar ta rantse maka ba su ba ta komai ba. To kai da bakinka ka gaya mani a waya miyau na dalala, tana karkarwa, ta yi zawo, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura, mi ya rage kuma? Shekara 2 kana bina har yau wanga magana ta "ba mu ba shi komai ba" tana shiga kunnenka ta zauna. Ni tun da ta ci mani doki ɗaya da kuɗina da sunana ban ƙara yarda da ita ba, ko daga bakin wa ta fito.

Lokacin ina da ƙuruciya, ban daɗe da buɗe shagon duba dabbobi a nan Birnin Kebbi ba, saura kwana 5 hawan sallah, wajen ƙarfe 1 na dare aka buga mani ƙofa wai dokin wani Alhaji na birgima. Na ɗauki jaka na hau mashin. Doki ne wanda in ka gan shi sai ka tsaya, hari mai tsayi, an yi wata 2 ana tura mishi gero da dusa don ya cika ido ran hawa, kuma a ƙasa suke zuba mishi, yana haɗawa da rairayi yana ci. Na tarar ya jiƙe sharkaf da gumi, yana waiwayen cikinshi yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, kashi tun safe bai yi ba. Na sa abin saurare, zuciya na bugawa 56 a minti, kai ka san mai lafiya 28 zuwa 44 ne, dasashi bai canza ba sosai, hanji shiru-shiru amma akwai ɗan motsi. Na ce wanga toshewar hanji ce, da yardar Allah zai tashi. Kafin in taɓa shi na juya na tambayi yaron barga, na tambayi Alhajin da kanshi yana tsaye da jallabiya, mi kuka ba shi? Suka ce Dokta wallahi ko ruwa ba mu ba shi ba, kai muke jira.

Na yi mishi flunixin, allurar rage ciwo, a jijiyar wuya, na zura tiyo ta hanci har ciki na tabbatar ya isa, na ba shi ruwan ɗumi da mai ta nan, na rataya mishi ledojin ƙarin ruwa a jikin iccen darbejiya da ke tsakar bargar, leda bayan leda, duk daga jakata. Ni da kaina na riƙe ragama ina zagayawa da shi har aka kira assalatu. Wajen hantsi ya saki kashi mai tauri duk rairayi, ya kai baki ga harawa. Alhaji ya rungume ni, ya ce Dokta kuɗinka bayan sallah in sha Allahu, ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a. Naira dubu 40 na magani kawai a wancan lokacin, ban da wahalata, kuma rabin maganin bashi na ɗauko.

Kwana 2 aka sake kirana. Zazzaɓi ya haura 40, numfashi sama-sama, wani ruwa mai ɗoyi na fita ta hanci, na sa kunne a ƙirji na ji huhu ya cika. Nan take jikina ya yi sanyi, don na san abu ɗaya ke kawo haka, wani abu ya bi hanyar iska. Na yi ta tuhumar kaina ko tiyona ne ya kauce, alhali na san na duba, na ga wucewarshi ta gefen hagu na wuya, na ji warin ciki. Na ce a ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Danfodiyo a Sakkwato, Alhaji ya ce shi ba ya da motar ɗaukar doki ga sallah ta ƙarato. Na zuba maganin da nake da shi, daren sallah dokin ya faɗi.

Sai bayan sati 3 almajirin gidan da ke share barga ya same ni a kasuwa ya gaya mani gaskiya. Ashe tun magariba, kafin a zo kirana, sun ɗaure kan dokin sama a reshe, sun danna mishi kwalba a baki sun yi mishi ɗurar man gyaɗa da jiƙon kanwa har kwalba 3, yana tari suna ƙara ɗurawa, Alhajin da hannunshi ya riƙe kwalbar. Dabbar da ke fama da ciwo ka ɗaga mata kai haka ba ta iya haɗiya daidai, man sai ya gangara huhu. Da sun faɗa mani a daren da tun lokacin na fara maganin huhu, ko ya tashi ko bai tashi ba aƙalla na yi faɗan da ya kamata. Alhajin nan bai ba ni ko sisi ba, wannan na iya haƙura, amma ya zauna a majalisa ya ce allurata ce ta kashe mishi doki. Shekara guda cur babu mai doki ɗaya da ya kira ni a garin nan, sai awaki da kaji na koma bi ƙauye-ƙauye har na biya bashin. Har yau in na wuce ƙofar gidan nan sai na ji abin a maƙogwarona, na bar shi da Allah amma ban manta ba.

Shi ya sa na ce maka ka bar bakin Hajiya ka shinshina gashin kyanwar. Ka ji warin Sniper ko ba ka ji ba? Ba mugunta ba ce ta sa ta ɓoye, tsoro ne, ƙuma ta gani ta shafa mata don tausayi, kuma a wurinta shafawa ba "bayarwa" ba ce. Don haka kar ka ce mi kuka ba ta, ka bi ɗaya-ɗaya, kun shafa mata wani abu, kun yi feshin sauro a ɗaki, kun sa maganin ɓera, kun ba ta Panadol, sannan ka tambayi yaran gida da 'yar aiki a gefe, su ne ke faɗin gaskiya. Sniper dichlorvos ne, gubar kashe ƙwari, ta fata ma yana shiga, maganinshi atropine da wanka da sabulu a cire sauran, abin da ka yi kenan ta tashi. Da ka ɗaga leɓe ka ga dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa sun kumbura, to wannan paracetamol ne, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya 1 mai miligiram 500 tana iya kashe ta, kuma atropine ba ya yi mata komai, acetylcysteine take so. Kuma duk wanda ya ce maka ya ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri don ta yi amai, ka rubuta a takarda a gabanshi ya sa hannu kafin ka taɓa dabbar.

Yadda ake naɗe kyanwa a tawul da lissafin awo ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya je ya sayar da kati. Abin da ya ɓata mani rai da kai ɗaya ne, a hoton da ka turo hannunka tsirara yake cikin bakinta. Dabba mai dalalar miyau, ba ka san ko an yi mata rigakafin haukan kare ba, kyanwa ma tana ɗauka, kuma in ya bayyana a jikin mutum babu dawowa. Ku yaran yanzu kafin ku sa safar hannu kun riga kun ciro waya kuna ɗaukar bidiyo don a ce Dokta, mu da muka koya sai ka shekara kana wanke sirinji da riƙe ƙafa ba a ba ka allura ba. In ta karce ka ko ta cije ka gaya mani yau, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka wuce asibiti, kar ka jira in dawo.

Ina nan tafe ran Laraba. Ka ce wa Hajiya ta tsare kyanwar a ɗaki kwana 10 muna dubawa, ta kawo kwalbar nan in gani da idona, kuma ka karɓi kuɗin maganin kafin ta bar shago.