Amsa: Wace ce Anne Knight?

Malama, kin tambayi ko akwai Baturiyar Ingila da ta haɗa yaƙi da cinikin bayi da neman haƙƙin mata. Akwai su da dama, amma wadda na fi so a fara da ita ita ce Anne Knight.

An haife ta a 1786 a garin Chelmsford, cikin dangin 'yan Kweka, wata ɗarikar Kiristoci, masu ƙyamar bautar da mutane. Matsayinta a fili yake: a 'yanta bayi nan take, kuma kada a biya masu bayi diyya ko sisin kwabo. Gwamnatin Birtaniya ba ta saurare ta ba, dokar soke bauta ta 1833 ta ware wa masu bayin fam miliyan 20.

Abin da ya ƙara juya akalarta shi ne babban taron yaƙi da bauta na Landan a 1840. Mata sun zo daga Amurka, har da Lucretia Mott, fitacciyar mai yaƙi da bauta, amma aka hana su zama a matsayin wakilai. Ki duba fa, maza masu kukan 'yanci su ne suka rufe wa mata baki! Daga nan ta duƙufa kan batun ƙuri'a. A 1847 ta fitar da takardar da ake ɗauka ita ce ta farko wajen neman mata su yi zaɓe, a 1851 kuma ta taimaka aka kafa ƙungiyar siyasa ta mata a Sheffield.

A Faransa ta ƙarasa rayuwarta, ta rasu a 1862 a ƙauyen Waldersbach.