Marsiyar Mai Tumatir

Ka ce min, "Malam, tun daren jiya nake kan waƙar nan. Na fitar da kamance biyu, siffantawa ɗaya, kambamar zulaƙe ɗaya, na rubuta amsa-amonta da yawan baitocinta. Amma da na karanta abin da na rubuta sai na ji kamar ban taɓa waƙar ba. Ina kuskuren yake?"

Matso kusa, ɗana, ƙarar janareton maƙwabtan nan ba za ta bar mu mu ji juna ba. Miƙo takardar.

Da ido ka karanta ta, daga nan matsalar ta fara. Waƙarmu ko rubutacciya ce, rera ta ake yi. Sai ka rera marsiya sau uku da bakinka, alƙalami yana ajiye, ka lura da inda muryarka take sarƙewa. Nan ne za ka fara tono.

Kuma ka tuna wanda ya kawo mana ita nan Agege don a gyara a buga masa. Mutum ne mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, mahaifiyarsa ta rasu a wani ƙauye kusa da Kura. An kira shi da asuba. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makwancinta, kamar yadda addini ya koya mana, shi kuwa ko Ilori bai kai ba, ga Jebba da Mokwa da Kaduna da Zariya duk suna gabansa. Kowane Bahaushe da ke zaune a Legas yana kwana da tsoron wayar asuba. In ba ka riƙe wannan a ranka ba, baitin nan zai wuce ka:

Na hau mota daga Ikko da hantsi,
Na iske ƙasa ta bushe, ban same ki ba.

A jerin da ka yi babu wannan baiti, don ba ka ga "kamar" ko "tamkar" a cikinsa ba. Amma wace ƙasa ce ta bushe? Ƙasar da aka kwaɓa aka rufe kabari da ita. Bai ambaci kabari ba, bai ce ya makara ba. Ya bar bushewar laka ta auna maka tsawon hanyar. Wannan alamtarwa ce, kuma ta fi duk kamancen da ka ƙirga nauyi.

Sake duba baitocin da suka gabata. Daga mabuɗin waƙar har baiti na huɗu, "ta" yake cewa: ta yi jinya, ta yi haƙuri, ta cika. Yana ba mu labari kamar mai amsa gaisuwa a zaure. Yana isa bakin kabari sai ya juya ya ce "ki". Ya manta da mu, ya koma magana da ita. Malaman balaga na Larabci suna kiran irin wannan juyi iltifati. Ka rubuta sunan in kana so, amma abin da mai karatu yake buƙata daga gare ka shi ne ka nuna masa a daidai ina mutumin ya kasa daurewa.

Yanzu amsa-amo. Ka rubuta "babban amsa-amo: ba", ka wuce. Haba, ɗana. Me "ba" take yi a Hausa? Kore magana take yi. Waƙar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu ne, layi biyu ke nan, kuma kowane ɗango na biyu da korewa yake ƙarewa. Ji wannan:

Tabarmar sallarki tana nan a jingine,
Buta na ƙofa, ba a ɗauke ta ba.

Ban same ki ba, ba a ɗauke ta ba. Duk baitin da ya ɗauko sai ya dire a kan babu. Ko ya zaɓi harafin da gangan ko bakinsa ne ya kai shi, aikin da harafin ya yi ɗaya ne, kuma naka ne ka faɗe shi.

Akwai inda ka sa jan biro ka ce kari ya karye. Gaskiya ne, ɗangon ya fi 'yan uwansa tsawo:

Kullum Juma'a nakan latsa lambarki,
Sai in tuna, in mayar da wayar aljihu, ban ce komai ba.

Na koya maka auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, na koya maka karuruwan aruli, wato ma'aunan waƙar Larabci da malamin nan Halilu ɗan Ahmad ya tsara, kuma ban janye ba. Akwai karyewar da rashin sani ke kawowa, ita gyara ta muke yi, don shi ne abincinmu. Wannan kam kada ka taɓa ta. Rera ka ji: numfashi yana ƙare maka kafin ka kai ƙarshen ɗangon, kamar yadda yake ƙare wa mai riƙe kuka. Sannan "sai in tuna", ya tuna me? Bai faɗa ba. Mu mutanen kara ne. Uwa takan ƙi kiran sunan ɗanta na fari har ta koma ga Allah, namiji kuma yakan karɓi ta'aziyya da "sai haƙuri" ido a bushe. Saboda haka a marsiyar Bahaushe, yawancin ciwon yana wurin da aka yi shiru. Mai nazarin da yake neman kalmar "baƙin ciki" kafin ya yarda akwai baƙin ciki, zai fita hannu rabbana.

Kambamar zulaƙen da ka yaba, inda ya ce hawayensa sun cika teku, ni ban yaba ba. Kayan aro ne, kowa ya sa shi. Ka faɗi haka a nazarinka cikin ladabi.

Wurin da nake so ka daɗe shi ne nan:

Ni giginya ce, inuwata ta faɗi nesa,
Ke da kika dasa ni, ba ki sha ba.

Ka gane siffantawa ce, madalla. Amma ba ka ji karin maganar da ke ƙarƙashinta ba: inuwar giginya, na nesa ka sha. Da ita ake yi wa mutum gori in alherinsa yana tsallake na gida. Ba a saba jin mutum ya ɗauke ta ya ɗora wa kansa ba, shi kuwa ya yi. To nan jigon ya fito fili. Kai ka rubuta "jigo: mutuwa". Mutuwa ƙofa ce kawai. Abin da ke cin mutumin nan nadama ce, shekarun da ya yi yana aika kuɗi ta banki, fuskarsa kuwa sai Sallah zuwa Sallah. Na san wannan ciwo, don ni ma a nan garin labarin mahaifina ya same ni, kuma na yi shekara biyu ban iya rubuta ɗango ɗaya a kansa ba.

Kada ka ɗauka abin nan sabo ne. Hansa'u, mawaƙiyar nan ta Larabawa, ta yi wa ɗan uwanta Sahru marsiyoyi tun kafin ta musulunta, kuma abin da aka fi riƙewa a cikinsu shi ne inda ta ce fitowar rana take tuna mata da shi. Abu ne na kullum, kamar butar nan ta ƙofa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello marsiya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Kuma iyakar da marsiyar Musulmi take tsayawa Annabi (SAW) ne ya shata ta ranar rasuwar ɗansa Ibrahim: ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Da wannan ma'auni za ka duba marufin waƙar:

Ya Rabbi ka haskaka makwancinta,
Ka sada mu a gidan da ba a san rabuwa ba.

Ka ga ya koma "ta". Ya sake ta, ya fuskanci Mai ita. "Ba" ɗin nan kuma da take ta sukarsa tun farko, a nan rabuwar ta kore.

Ɗauki takardarka ka sake. Fara da abin da ya sami mai waƙar, ka bi waƙar baiti baiti yadda zuciyarsa ta bi, duk adon harshen da ka ambata ka faɗi aikin da ya yi a wurin. Ka kawo min bayan la'asar. Mai waƙar zai zo gobe in ya sauke kaya. In ya shigo, ka tashi ka ba shi kujera, ka yi masa ta'aziyya tukuna, kada ka fara da maganar teku.