Hawan jinin da wata cuta ke haddasawa: amsoshin likita

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 27, ba ni da ƙiba, amma jinina ya ƙi sauka daga 160/100 duk da ina shan magani kala uku. Me ke faruwa? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kusan mutum tara cikin goma masu hawan jini ba a samun wata cuta guda da ta jawo shi, gado ne da gishiri da ƙiba da shekaru ke haɗuwa. Amma matashi kamarka, wanda jini ya ƙi jin magani uku, dole a tono abin da ke ƙasa. Ƙoda muke fara zargi. A yi maka gwajin fitsari a ga ko furotin ko jini na fita, a auna aikin ƙodar a jini, a ɗauki hotonta. A duba sinadarin fotasiyam ma. Idan ya yi ƙasa, mai yiwuwa ɗan ƙullutun da ke saman ƙoda ne ke fitar da sinadarin aldostiron fiye da kima. Wannan yana da magani, wani lokacin har tiyata kan warkar da shi. In ana cewa kana minshari kana yanke numfashi cikin barci, faɗa wa likitanka, domin shi ma yana iya ɗaga jini.

Tambaya: Likita, a takardar mahaifiyata ta inshora an rubuta I15.1, a da kuma I10 ake sawa. Kuskure ne? Daga Kano.

Amsa: Ba kuskure ba ne. Lambobin daga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya suke, wanda ake kira ICD-10, kuma da su asibiti ke neman kuɗinsa wajen kamfanin inshora. I10 hawan jini ne na gama-gari. I15 kuwa shi ne wanda wata cuta ta haifar: I15.0 idan jijiyar da ke kai wa ƙoda jini ta tsuke, I15.1 sauran cututtukan ƙoda, I15.2 matsalar sinadaran jiki. Ke nan likitan Hajiya ya gano ƙodarta ce tushen. Lambar ta fi muku amfani, domin tana nuna dalilin gwaje-gwajen ƙoda da turawa wajen ƙwararre. Ki tambayi likitan matakin da ciwon ƙodar yake, kuma Hajiya ta daina shan magungunan rage ciwo na diclofenac da ibuprofen sai da izininsa.

Tambaya: Ƙanwata na shan sha-ka-fashe, fuskarta ta kumbura, jininta ya hau.

Amsa: Irin waɗannan magunguna sau da yawa suna ɗauke da dexamethasone, shi ke kumbura fuska ya ɗaga jini da sukari. Kada ta yanke shi rana ɗaya, hakan na da haɗari. Ku kai ta asibiti da kwalin a hannu, a rage mata a hankali.