Amsa kan ɗaukar hoton yanyawa a daji

Malam, ka tambayi yadda za ka ɗauki hoton yanyawa irin jar nan da ake nunowa daga dazukan Turai. Waccan ba ta zaune a ƙasarmu. Tamu mai launin yashi ce, da ɗan baƙi a ƙarshen jela, kuma ta fi son jigawa mai ƙarancin itatuwa a kan daji mai duhu irin Falgore.

Tana haƙa rami da tsawonsa kan kai mita 15, ta wuni a ciki, sai bayan magariba take fitowa neman fara da ɓeraye da guna. Saboda haka ka tambayi makiyaya inda ramin yake, ka je da sanyin safiya ka duba sabon sawu a kan yashi, sannan ka dawo da la'asar sakaliya ka zauna nesa, ta yadda iska za ta riƙa busowa daga ramin zuwa gare ka, domin hancinta da kunnenta sun fi idonka kaifi. Madubin kyamara mai janyo nesa na milimita 300 zai isa. Idan duhu ya yi, kyamarar da ake ɗaurewa a gungume, mai ɗauka da kanta idan ta ga motsi, ta fi amfani. Kada ka je da kare, kada kuma ka ajiye mata abinci.