Tambaya da Amsa: Canza ai-si da karya ƙafar fulogi za su kashe ƙugin firi-amf?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da ɗan situdiyo a Tudun Wada, Gusau, inda nake ɗaukar karatun Alƙur'ani da tallan rediyo, kuma da kayan nake haɗa sautin masallacin unguwarmu lokacin tafsiri. Firi-amf ɗina, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin makirufo, mai araha ne, kuma da na ɗaga gen (makunnin ƙarin ƙarfi) sai ƙugi da huci. Wani mai gyara ya ce in cire ai-si (ɗan guntun da'ira mai ƙara sauti) 4558 ɗin da ke ciki in sa LM4562, sannan in karya ƙafar ƙasa ta fulogi, wai ita ke jawo ƙugin. Da ƙyar na tara kuɗin na'urar nan, ina tsoron in ƙona ta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kai na'urar kake ji wa tsoro, ni kuwa ladanin da zai riƙe makirufon. Amma bari mu fara da ai-si.

Huci daban, ƙugi daban. Cire makirufo, ka haɗa risisto mai om 150 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 ta XLR, wato soket ɗin makirufo mai ƙafa uku, ka kai gen ƙarshe, ka saurara da hedifon. Idan "shuuu" ka ji, hayaniyar da'irar ce kanta. Idan gurnani ne mai kauri, 50Hz ne na wutar gari, ko 100Hz na kafasitan da ya gaji a sashen wuta, kuma ba a ƙera ai-sin da ke maganinsa ba.

Ko a hucin ma kada ka sa rai da yawa. A takarda 4558 na da hayaniya wajen 8 nV/√Hz, NE5532 wajen 5, LM4562 ƙasa da 3. Sai dai a yawancin masu arahar nan tagwayen transisto ne ke fara karɓar sauti kafin ai-si, su ke yanke yawan hucin. Risisto mai om 150 shi kaɗai yana fitar da wajen -131 dBu, iyakar da babu mai ƙetare ta, kuma na'ura mai kyau tana kusa da -128. Idan ka matsa sai ka canza, sa soket na ai-si ka ɗora NE5532: tsoho ne amma amintacce, sai dai yana shan kusan mA 8, fiye da ninkin abin da 4558 ke sha, don haka ƙirga ai-si nawa ne a ciki kafin ka gajiyar da regileta mai daidaita musu wuta. LM4562 yana da saurin 55MHz. A kan allon da aka zana wa 4558, ba tare da kafasita 100nF dab da ƙafa ta 4 da ta 8 ba, yakan shiga kaɗawar da kunne ba ya ji, ya yi zafi, sauti ya dushe. Ga jabu a kasuwa, a goge lamba a buga wata. Kuma ba duk mai ƙafa takwas ne ɗan'uwan wani ba: NE5534 da'irar ƙara sauti guda ce, NE5532 biyu ne a gida ɗaya, ƙafafunsu ba su zo ɗaya ba.

Inda kuɗinka zai yi aiki shi ne kafasita. Zafin Maris da Afrilu a Zamfara ya wuce digiri 40, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasita mai ruwa. Sauya na sashen wuta da masu 105°C, µF ɗaya, bolt daidai ko sama. Biyun da ke tare wutar fantom mai bolt 48, wadda na'urar ke aika wa makirufo ta kebul, kada su gaza bolt 63. Ka sauke cajinsu kafin ka kai dalma.

Yanzu maganar ƙafar fulogi. Wallahi wannan shawara ta ishe ni. Ba na wuce mako ban ga miksa ko amfilifaya da aka karye wa doguwar ƙafa ba, ko aka cusa wayoyi biyu tsirara cikin soket da tsinken ashana, mai shi yana murna wai ƙugi ya tafi. Eh, wani lokaci yakan tafi, shi ya sa ƙaryar ta yi tsawon rai. Idan na'urori biyu na jone a soket daban-daban, ƙasarsu takan ɗan bambanta, sai ƙaramar wuta ta bi ta rigar kebul ɗin sauti ta zama ƙugi. Karya ƙafar yana katse wannan zagaye. Amma an gudu gara ne an tarar da zago. Wayar nan aikinta ɗaya: ranar da waya mai wuta ta taɓa ƙarfen jikin na'ura, ta kwashe wutar zuwa ƙasa har fis ya ƙone. In babu ita, bolt 230 zai zauna a jikin akwatin, ya bi ƙafa ta 1 ta XLR, ya isa ragar makirufo. Waye ke riƙe da shi? Mutumin da ya fito alwala, hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi, leɓe a kan ƙarfe. Ɗan abin da ya haura mA 30 in ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. A 1972 wani makaɗin jita, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya, sanadin taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba.

Sai ka ji mai gyara na cewa, "Ai ɗan shokin ne kawai, ba ya kisa." Wannan tsikarin a leɓe sau da yawa yoyo ne daga kafasitocin tace wuta, wanda ke ɗaga jikin na'ura zuwa rabin wutar gari idan babu ƙasa. Shi kansa ba shi da ƙarfi, amma shaida ce cewa kariyarka ta tafi, kuma ranar da babbar matsala ta zo babu mai tare ta. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya cire wannan kariya a ɗakin Allah, ya sani amana ya ci, kuma za a tambaye shi.

Ga gyaran halal. Jona firi-amf, kwamfuta da amfilifaya a kan layi ɗaya. Yi amfani da kebul mai daidaito (mai wayoyin sauti biyu cikin riga, irin na XLR), ka nisanta shi da adafta da cajar kwamfuta. Idan ƙugi ya ƙi, sa taransifoman sauti mai 1:1 ko akwatin DI, ɗan akwatin da ke raba ƙasar na'urori biyu, tsakanin na'urorin; makunninsa rigar kebul kawai yake ɗagawa, ba ya taɓa wayar tsaro. Kada ka yanke ƙafa ta 1 a kebul ɗin makirufo, ta nan fantom ke komawa. Tunda za ka buɗe akwatin, duba inda ƙafa ta 1 ta sauka: a masu araha takan bi ta allon da'ira, alhali ƙa'idar injiniyoyin sauti ta AES48 ta ce a ɗaure ta da jikin akwati a bakin soket.

Gidaje da masallatai da yawa soket mai rami uku ne amma ba waya a bayan na ukun, janareto ma haka. Kira mai aikin lantarki na gaske ya kafa sandar ƙasa, ya sa birika mai katse yoyo ta mA 30. Kafin tafsiri na gaba, sa mita a AC ka auna tsakanin ragar makirufo da wannan sanda. In ka ga bolt masu yawa, a ajiye makirufon har a gano inda wutar ke fitowa.