Tabon manja a rigar makaranta

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce manja ya ɓata farar rigar makarantar ɗanki, wanki biyu bai fita ba. Kada dai ki kai ta guga tukuna, zafi zai kama tabon. Ki jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, ki goga sabulun salo a wurin, ki tsoma rigar minti 30, sannan ki cuɗa. Ki shanya ta da tsakar rana, don rana ce ke cinye jan manja, ta Zariya kuwa ba ta wasa. Nawa yaron jar ƙasar Samaru yake kwasowa a gwiwar wando, sai ta bushe na kakkaɓe kafin ruwa ya taɓa ta. Tsatsa kuma lemun tsami da gishiri, amma kar ki haɗa da Hypo, tururinsa yana shaƙe mutum.